Iccen ado ko iccen inuwa?

Ƴan uwa, akwai wani icce na ƙasashen sanyi wanda Faransawa ke kira sapan. Ba shi da wuyar ganewa: gindinsa da faɗi, kansa da tsini. Ganyensa siriri ne kamar allura, kore shar rani da damina. Ba ya fure, irinsa yana cikin wani kwanso mai tauri. Kyau kam yana da shi.

Amma a ganina bai kamata mu ɓata kuɗi da ruwan rijiya a kansa ba. Sanyi da laima yake so. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, damina kuma wata 3 ce ko 4. Wa zai yi ta jan guga domin iccen da rana za ta ƙone?

Mai son kore a ƙofar gida ya nemi bedi. Shi ma baƙo ne, daga Indiya, amma ya san zafi. Shi aka fara dasawa a fadamar Majiya, jihar Tawa, a 1975 domin tare iska, ya kuwa kama. A gina rami nesa da bango saboda saiwa, a zuba taki, a dasa cikin Yuli idan ruwa ya zauna. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki.