Zauren WhatsApp Ba Zai Maye Gurbin Taron Ƙungiya Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya shigo ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wato zauren WhatsApp, ko guruf kamar yadda yara ke cewa.

Ni mai sayar da hatsi ne a wata kasuwar ƙauye mai ci mako-mako. Shekara da shekaru muna biyan kuɗin ƙungiya duk ranar kasuwa, ma'aji ya rubuta a littafinsa, littafin nan kuwa ba mai ganin cikinsa sai shi da shugaba. In ka tambaya a ce ka raina manya. Abin ya sauya ne a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, dole kowa ya koma tiransifa. Sai wani yaro daga cikinmu ya buɗe wa ƙungiya zaure, aka ce duk wanda ya biya ya tura hoton rasit. Ba a yi wata biyu ba kowa ya iya lissafin abin da ke shigowa. Ran da aka ce an kashe kuɗi kaza wajen gyaran rumfa, nan take wani ya turo hoton rumfar, ga kwano nan a ɓule yadda muka san shi. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Kafin kasuwa ta zagayo an gyara.

Wannan kam alheri ne, ba ni da ja. Haka ma farashi. A da sai abin da dillali ko direba ya faɗa mana game da Dawanau, yanzu kuwa saƙon murya ɗaya ya isa, ko ba ka iya karatu ba ka ji nawa buhun masara ya kwana.

To amma jama'a, tsugune ba ta ƙare ba. Littafin ma'aji ne kawai ya sake kama, ya koma hannun wanda ake kira admin, wato mai riƙe da makullin zaure. Mutane da yawa ba su san irin ikon da yake da shi ba. Yana iya fitar da kai ba shawara. Tun 2018 kamfanin WhatsApp ya ba shi damar kulle zaure ta yadda ba mai magana sai shi, a 2022 kuma aka ƙara masa ikon goge saƙon wani daga wayar kowa. A wajenmu shugaba bai daɗe ba ya karɓe wannan matsayi. Wani bawan Allah ya tambayi ina kuɗin da aka tara na takin zamani, da gari ya waye tambayar ta ɓace, shi ma an fitar da shi wai yana kawo rabuwar kai. Wa zai sake tambaya?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan uwanmu da ba su da babbar waya. Dattawan da suka kafa ƙungiyar nan, da matan da ke awo a bakin kasuwa, yawancinsu ƙaramar waya mai tocila gare su, wasu ma ko ita babu. Mai babbar ma sai ya samu kuɗin data da na caji. Amma sai a yanke shawara cikin dare a zaure, a ƙara kuɗin ƙungiya, tsoho ya zo kasuwa ya tarar an gama. In ya yi magana a ce ai an sanar. An sanar da wa? Alhali kuwa kuɗinsa ana karɓa daidai da na kowa.

Daɗin daɗawa, kunya tana neman barin mu. A da in yaron shago ya yi kuskure, ko an biyo ɗan ƙungiya bashi, babba ne zai ja shi gefe su yi magana ta fahimta. Yanzu maigida sai ya naɗi faɗa ya tura zaure, kafin magariba ya kai wayar surukan mutum. Ko a taro ma mutane sun fara kame baki, don ba ka san wanda ya danna waya yana naɗar muryarka ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyi da sarakunan kasuwa, kada shugaba ko ma'aji ya riƙe makullin zaure shi kaɗai, a zaɓi mutum biyu ko uku daga cikin mabiya. Kada a fitar da kowa sai taro ya amince. Sannan duk wata a zauna a rumfa, sakatare ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da babbar murya, mai waya da marar waya kowa ya ji da kunnensa.



Naka,
Wani mai sayar da hatsi,
daga Jihar Kano.