Wankan Jego: A Sirka Ruwa, a Rage Kanwa

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, tun kafin ki sauka, iyayenmu a Gaya da Ajingi sun tanadi itace da ganyen darbejiya domin wankan jego na kwana 40. Kulawa ce, ba mu ce a daina ba. Amma a ganinmu zafin ruwan ya yi yawa.

Ganye ba ya hana tafasasshen ruwa sale fata. A sirka shi har gwiwar hannu ta iya jurewa. Kunun kanwa kuwa, gishirin da ke cikinsa yana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta waɗannan al'adu da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Inna, Goggo, Maigida: in kun ga maijego tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ko tari ya hana ta kwanciya, kada ku ce sanyi ne ya shige ta, ku ƙara wuta. Ku kai ta Babban Asibitin Gaya a ranar.

Allah ya raba lafiya, amin.