Kukan waifa da amanar fasinja

Da zarar hadarin farko ya haɗo a watan Mayu ko Yuni, sai direba ya kunna waifar da ta shafe wata bakwai tana shan rana da ƙurar hunturu, ita kuwa ta kama ƙara tana tsalle a kan gilashi. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ƙara sautin rediyo. Ni kuwa a ganina wannan sakaci ne da ke taɓa rayukan mutane.

Waifa ba ta kuka haka kawai. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yakan haura digiri 40, gilashin motar da aka bari a rana kuma ya fi haka zafi, sai robar ta taurare, bakinta ya tsattsage. Ga ƙura da ke maƙalewa a jikinta. In aka kunna ta a busasshen gilashi, kamar sanfefa ake goga masa, shi ya sa za ka ga zane mai siffar baka a gilasan tsofaffin motoci. Wani lokaci maiƙon hayaƙin manyan motoci ne ya kwanta a gilashin, wani lokaci hannun ƙarfen ne ya karkace, ko sifirinsa ya saki.

Gyaran ba wuya. Ɗaga waifar, ka goge bakin robar da tsumma mai tsabta da ruwan sabulu, za ka sha mamakin baƙin dattin da zai fito. Wanke gilashin sosai, ka cika tankin ruwan feshi. Sannan bi robar da yatsa. In ka ji tsagewa ko tauri, kwananta ya ƙare, a sayi sabuwa daidai tsawonta, domin ta ɓangaren direba takan fi tsayi. Masu ƙera ta kan ba da shawarar canjawa tsakanin wata 6 zuwa shekara. Hannun da ya karkace kuma aikin 'yan mintoci ne a wurin bakanike. Masu shafa mata man inji don ta yi shiru su daina, domin man zai bi gilashi, da dare fitilar motar da ke tahowa ta kashe maka ido.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne motocin haya. A tsakiyar ruwan Agusta, a hanyar Kano zuwa Zariya, za ka ga direba ya ɗauko mutane cike da bas, ya zuro hannu ta taga yana share gilashi da tsumma, ɗaya hannun na kan sitiyari. Irin wannan ne Mary Anderson ta ga direban taragu yana fama da shi a birnin New York lokacin sanyi, har ta ƙirƙiro waifa aka yi mata rajista a 1903. Shekara fiye da 120 ke nan! Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa biyu na rashin gani sun isa a afka wa tirelar da ta lalace a gefen titi.

In ka yi magana, sai a ce maka, "Alhaji, Allah ne ke kiyayewa." Haka ne, babu mai musu. Amma wanda ya karɓi kuɗin motarka ya karɓi amanarka, tawakkali kuma ba ya sauke masa wannan nauyin. Mai motar da ke karɓar balas kullum da yamma, ya ƙi fitar da kuɗin roba biyu, yana da nasa kason alhakin. Mu fasinjoji ma da ke yin gum don gudun a ce mun cika surutu, ba mu fita ba.

Shugabannin tasha su ne ke da ikon hana mota lodi, tun kafin ta kai gaban jami'an kiyaye haɗura. A damina, kafin a rubuta wa direba layi, a watsa wa gilashinsa ruwan buta ɗaya, a ce ya kunna waifa kowa ya gani. In ta share tas, a yi masa lodi. In ta bar dishi-dishi, ya je ya canjo roba ya dawo.