Mai Juna Biyu, Kada Ki Fita Da Dare Babu Tocila

'Yar'uwa, ciki kan kawo yawan fitsari, shi ya sa kike yawan zagayawa cikin dare. A ganina tocila da rufaffen takalmi wajibi ne gare ki, musamman da damina da kaka. Da dare kububuwa take yawo, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Ga mai ciki, wannan kan jawo zubar jini da ɓari.

Maigida, idan tsautsayi ya auku, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga, kada a tsotse. A ɗauke ta a garzaya asibiti, ko da ta ce ba ta jin komai. Allurar kashe dafi ita ce magani, kuma ana yi wa mai ciki. Allah Ya sauke ki lafiya.