Gwajin Ƙanjamau a Sashen Gaggawa: Me Ya Sa Muke Cewa A'a?



Idan kai mazaunin cikin birnin Zariya ne kamar ni, da wuya a ce ba ka taɓa raka mara lafiya asibiti da tsakar dare ba. Ka san yadda abin yake: jiki ya rikice bayan sallar isha'i, a nemo mota a gaggauce, a isa sashen gaggawa hankali a tashe. Duk gwajin da likita ya rubuta, na zazzaɓin cizon sauro ne ko na taifot ko na sukari, sai a biya ba musu. Amma da zarar ya sassauta murya ya ce yana son a haɗa da gwajin ƙwayar cutar HIV, mai jawo ƙanjamau, sai fuskoki su sauya. Ra'ayina shi ne ka amince da wannan gwaji duk ranar da aka yi maka tayinsa, kuma ga dalilaina.

Aikina harhaɗa magunguna a asibiti, gidanmu kuma yana Limancin Kona, saboda haka nakan ji maganar ta fuska biyu. Wani dare an kawo wani magidanci da ya daɗe yana fama da zazzaɓi da tari da rama. Ya sha maganin taifot daga kemis ya fi sau uku. Da likita ya nemi a yi gwajin, mara lafiyan bai ce uffan ba, wansa ne ya amsa. Da ya zo karɓar magani ya ce mini: "Malam, mu fa gidan mutunci ne. Wannan tambaya cin fuska ce." Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi, bai saurara ba. Bayan wata huɗu aka dawo da ƙanen ranga-ranga, tarin fuka ya ci ƙarfinsa. A wannan karon shi da kansa ya ce a gwada, aka kuwa sami cutar. Allah ya yi da sauran kwanansa, yau yana shan magani yana neman abincinsa. Sai dai watanni huɗun nan sun ci kuɗin gidan, sun kuma jinkirta gwajin matarsa da jaririnsu.

Abin da wan nan bai gane ba shi ne, likita ba halin ƙanensa yake tuhuma ba. Tun shekarar 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa duk mai shekara 13 zuwa 64 tayin gwajin a wuraren kiwon lafiya, har da sassan gaggawa, sai fa wanda ya ce ba ya so. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin, wanda ya ƙarfafa ma'aikatan lafiya su fara yi wa majinyaci tayin, kada su jira sai ya nema. Hikimar a fili take. Ƙwayar cutar tana iya shafe shekaru a jiki babu wata alama, kuma da yawa daga cikinmu, musamman maza, ba ma taka asibiti sai ciwo ya kayar da mu. Ga irin wannan mutum, daren da aka kawo shi sashen gaggawa shi ne kaɗai lokacin da zai haɗu da mai gwada jininsa.

Cutar kuma tana nan a cikinmu. Babban binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, an kuma ƙiyasta masu ita a ƙasar sun kai miliyan 1.9. A cikinsu akwai matar da ba ta san kowa ba sai mijinta, akwai yaron da ya samo ta daga mahaifiyarsa, akwai wanda aka yi wa ƙarin jinin da ba a tantance ba ko allura da sirinjin da wani ya yi amfani da shi. Sakamakon gwaji ba ya faɗin ta inda cuta ta shigo, balle ya zama shaidar halin mutum.

Bari in faɗa maka abin da ya shafi teburina. Likitan da bai san garkuwar jikinka ta yi rauni ba zai iya ɗaukar ciwon kanka a matsayin zazzaɓi, alhali wani nau'in sanƙarau ne da ke kama masu raunin garkuwa, wanda maganinsa daban ne. Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV, kuma magungunan cututtukan biyu suna taɓa juna. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfin dolutegravir, ɗaya daga cikin magunguna ukun da ke cikin ƙwayar nan da ake sha sau ɗaya a rana, don haka dole a ƙara adadinsa. Farin maganin olsa na ruwa da ƙwayoyin ƙarin jini su ma suna hana hanji tsotse shi idan aka sha su tare ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya sa nake roƙon wanda ya riga ya san yana da cutar: kada ka ɓoye mana. Ka raɗa wa likita ko mai ba da magani a kunne. Kwanakin da za ka yi a kwance ba ka shan maganinka, don gudun kada mai jinyarka ya gani, suna iya ba ƙwayar cutar damar bijire wa maganin.

Akwai kuma lokacin da gwajin kansa ne gaggawar. Wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin da allurar majinyaci ta soke shi, akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwaji ake fara yi. Iyalin da suka tsaya rufa-rufa har kwana uku suka wuce sun rasa wannan dama.

Ba zan ce tsoron mutane ba shi da tushe ba. Sashen gaggawa wuri ne na cunkoso, labule ne kawai tsakanin gado da gado, 'yan uwa sun kewaye mara lafiya. A unguwa irin tamu, inda kowa ya san gidan kowa, magana ɗaya tana iya kashe aure ko ta hana 'yar mutum miji. Wannan nauyi a wuyanmu yake, mu ma'aikatan lafiya, kuma wajibi ne mu gyara. Kai ma ka san haƙƙinka. Ba a gwada ka sai da yardarka. Kana da ikon cewa a fitar da kowa kafin a yi maganar, kuma kai kaɗai za a faɗa wa sakamako. Dokar hana tsangwamar masu ɗauke da HIV ta 2014 ta haramta bayyana sirrinka ba da izininka ba, ta kuma haramta nuna maka bambanci a wurin aiki. Idan kuwa kai ne mai jinya, kada ka amsa a madadin babban mutum mai hankalinsa. Ka ba shi wuri, ka fita waje.

Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yakan fito cikin minti ashirin ko ƙasa da haka. Idan ya nuna akwai cutar, sai an sake tabbatarwa da wani gwajin daban. Idan ya nuna babu, amma kana zargin ka haɗu da ita kwanan nan, a maimaita bayan wata uku. Wanda aka tabbatar yana da ita, yanzu ba a jira sai jiki ya lalace, nan da nan ake ɗora shi a kan magani, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Mai shan maganinsa kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar auratayya, mai juna biyu kuma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye.

Mun riga mun saba da gwaji kafin ɗaurin aure, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, ba wanda ya kira shi cin fuska. Kona kuwa unguwa ce da aka sani da ilimi, kuma a zaurukanta muka koyi cewa rashin sani ya fi dare duhu. In Allah ya ƙaddara ka sami kanka a sashen gaggawa aka yi maka tayin, ka nemi a keɓe ka, sannan ka miƙa yatsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira.