Taura Biyu: Darasi Daga Rayuwar Safiyuddin Na Bagadaza

A makon nan za mu duba wata tambaya da ta shafi malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa baki ɗaya, watau shin mai neman ilmi zai iya haɗa karatunsa da kaɗa abin kiɗa ba tare da ɗayan ya cinye ɗayan ba? Hausawa dai sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Game da hukunci, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, sun yi sauƙi ga ganga mai fuska ɗaya a wajen biki, alhali kuwa Ibnu Hazmi na Andalus ya tafi a kan halacci. Wannan kowa ya koma ga malaminsa. Mu tarihi za mu kawo.

Safiyuddin al-Urmawi ya yi karatun fiƙihun Shafi'iyya a makarantar Mustansiriyya ta Bagadaza, ya kuma gwanance da rubutun hannu, har aka ɗauke shi aikin kwafar littattafai a ɗakin karatun Halifa Musta'asim, na ƙarshen halifofin Abbasiyawa a birnin. Sa'an nan aka gane cewa gwani ne wajen kaɗa udu, abin kiɗan nan na Larabawa mai kama da molo, sai Halifa ya jawo shi cikin makusantansa, dukiya ta zo masa.

Abin da ya bambanta shi da sauran makaɗa shi ne bai ajiye alƙalami ba. Ya auna tsawon tsirkiya da lissafi, ya raba matakalar sauti kashi 17, ya rubuta wannan a littafinsa Kitabul Adwar, wanda masana suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi wa sharhi. A nan ilmi ne ya ja hannu, ba hannu ya ja ilmi ba.

A shekarar 1258 Hulagu ya ci Bagadaza da yaƙi, aka kashe Halifa. Masu tarihi sun ruwaito cewa Safiyuddin ya tsirar da kansa da mutanen unguwarsa ta hanyar kyauta da kuma kiɗan da ya yi a gaban Hulagu. Daga baya ya shiga ƙarƙashin inuwar gidan Juwaini, manyan masu mulki na lokacin, ya rubuta wa ɗansu Sharafuddin littafinsa na biyu, Risalatus Sharafiyya. To, amma da aka kashe waziri Shamsuddin Juwaini a 1284, gidan ya rushe, sai inuwa ta gushe. Mutumin da ya saba kashe kuɗi irin na fada ya wayi gari bashi ya yi masa katutu, kuma a kurkuku ya rasu a 1294 saboda bashin nan.

Darasi biyu mu ka gani. Na farko, abin da ya wanzu daga gare shi littattafansa ne, sautin udunsa kuwa ya tafi tare da waɗanda suka saurare shi. Saboda haka duk wanda ya haɗa ilmi da wata fasaha, to, ya ba ilmi safiyarsa, fasaha ta ɗauki abin da ya rage, kada kuma ko ɗaya ya taɓa lokacin salla ko na aikin da a ke biyansa albashi dominsa. Na biyu, arzikin da ya rataya ga jin daɗin mutum ɗaya, ranar da mutumin ya faɗi tare za su faɗi. Ma'aikacin da ya ɗora gidansa a kan alherin maigidansa, da ɗan kasuwar da ba shi da mai saye sai ɗaya, su auna wannan tun kafin kiɗa ya sake.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga nauyin bashi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.