Farfelar mota da cinikin biri a sama

Damina ta sake tona abin da rani ya rufe a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, domin tun da ruwa ya zauna da wuya mutum ya bi kwalta daga Tibiri zuwa Cadawa bai ga tsohuwar kat-kat a ɗage kan duwatsu a bakin gareji ba, cikinta a buɗe, mai ita kuma yana can Maraɗi ko Kano yana farautar ƙarfen da zai tashe ta. Kat-kat ita ce motar da injinta ke iya tura ƙafafu huɗu a lokaci guda, kuma a wannan yanki ita ce ke fito da gero da wake da aya daga ƙauyukan Gangara da Saye Sabuwa, ita ce kuma ke ɗauko mai naƙuda idan hanyar yashi ta gagari ƙaramar mota. Karyewar ƙarfe a jikin motar da ta haura shekara talatin ba abin mamaki ba ne. Abin da ke ɓata rai shi ne irin cinikin da ake tilasta wa mai motar ya shiga bayan karyewar.

Farfela, wadda wasu kanikawa ke kira kardan, doguwar sandar ƙarfe ce mai rami a ciki wadda ke ɗaukar juyin inji zuwa ga aksil, wato ma'ajiyar haƙoran da ke raba juyin tsakanin ƙafar dama da ta hagu. Kat-kat tana da farfela biyu, ta gaba da ta baya, kuma dukansu suna fitowa ne daga akwatin taransifa, wanda ke manne da bayan akwatin giya yana raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A kowane bakin farfela akwai kuros, ƙaramin ƙarfe mai hannu huɗu da kofuna cike da siraran allurai, waɗanda ba su da abin rayuwa sai giris. Idan yashi ya shiga, ko ruwan Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba ya wanke giris ɗin, alluran sukan niƙe, jar ƙura mai kama da tsatsa ta fara fitowa daga bakin kofunan, motar ta riƙa yin ƙwas duk lokacin da aka sa giya, sannan ta kama karkarwa idan ta ɗauki gudu. Direban da ya yi biris da waɗannan alamu, ko wanda ya bar motar a giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta inda gaba da baya ke jayayya da juna, wata rana zai ji farfelar ta tsinke tana dukan ƙarƙashin mota, kuma sau da yawa ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta fasa bakin akwatin taransifa, mai ya tsiyaye, haƙora su ƙone. Ta haka ne aikin kuros ɗaya ke komawa aikin akwati sukutum.

Daga nan ne wahalar take farawa, saboda motocin sun tsufa, kuma da yawansu sun fara rayuwa ne a hannun gwamnati ko ayyukan raya karkara irin waɗanda asusun bunƙasa aikin gona na FIDA ke tallafa wa a Agye tun shekarun 1990, kafin su faɗo hannun ƴan kasuwa. Kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser samfurin 70 a shekarar 1984, ya sa masa injin gazuwal mai suna 1HZ a 1990, sannan a 1999 ya maye gurbin nau'insa na 75 da sababbi biyu, 78 da 79. A ido motocin kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma akwatin giyar HZJ75 ana kiransa H55F, na HZJ79 kuma R151F, ƙafar tsohuwar tana da ƙusa shida, ta sabuwar biyar. Haka kuma dole ne lissafin haƙoran aksil na gaba ya yi daidai da na baya, in ba haka ba ƙafafun gaba da na baya za su riƙa juyi da gudu daban, su kashe taransifar da aka sa jiya. Mai motar da ya taso daga Gazawa bai san waɗannan lambobi ba, ɗan tsohon ƙarfen kawai ya ƙunsa a buhu, shi kuma mai shago ya san su ko bai sani ba, abin da zai ce shi ne: «Ai duk ɗaya ne, Alhaji, zai hau.»

Kayan gwanjo, waɗanda a kasuwannin Najeriya ake kira ƴan Baljiyam, ƙarafa ne da aka kwance daga motocin da suka gama aiki a Turai, Japan ko Dubai, aka loda su a kwantena zuwa tashoshin ruwan Kwatano, Lome da Legas, daga nan su watsu zuwa kasuwar Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano, Fanteka ta Kaduna da shagunan Maraɗi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa, don haka gwanjo shi ne gadon bayan sufurin nahiyar, kuma babu aibi a cikinsa. Aibin yana cikin sharaɗin sayarwa. Akwatin giya a rufe yake, ba a ganin haƙoransa, ba a jin kukansa sai an ɗaura shi a mota an hau hanya, amma duk da haka ana karɓar kuɗin mutum a ce masa kaya in sun bar ƙofar shago ba sa dawowa. An wanke akwatin da gazuwal, an fesa masa fenti, wani lokaci ma na gida ne da aka kwance a garin aka yi masa kwalliyar ɗan ƙetare. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma mai asara kullum shi ne wanda ya fi nisa da kasuwa.

Abin kunyar shi ne ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa mazhabar Malikiyya ta haramta algus da ɓoye aibin haja, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya gano yana da ɓoyayyen aibi ya karɓi kuɗinsa. Mai sayar da shanu a kasuwar Cadawa ya san wannan hukunci, dillalin da ya shaida cinikin ma ya san shi, to me ya sa za a ce bai shafi ƙarfe ba? Ɗan kasuwar da zai rufe shago ya tafi sahun gaba a masallaci, sannan ya dawo ya sayar wa manomi fasasshen taransifa da aka liƙe da gam aka shafe da baƙin mai, ba wayo ya yi ba, haram ya ci, kuma ya kamata masu wa'azi su kira abin da sunansa. Gaskiya ne shi ma mai shagon a rufe ya sayo kayan daga kwantena, amma wanda ke sayen akwati ashirin ya fi ƙarfin ɗaukar asarar guda ɗaya fiye da mai mota ɗaya tal.

Rufe iyakoki ya ƙara wa wannan zalunci gishiri. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake toshe hanyar Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Maris na 2024, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano da Gaya kuma suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Duk lokacin da ƙarfe ya yi wuya, sai mai walda ya zama likita, a yanke farfelar wata mota a ƙara mata tsawo ko a rage, ba tare da na'urar daidaita nauyi ba, motar ta tashi yau, karkarwa ta cinye sauran boris ɗinta cikin ƴan watanni. A yankin Gidan Rumji, inda ƴan bindiga ke tsallako iyaka kuma dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka samu mafaka tun 2019, mutuwar mota a daji da magariba magana ce ta rai.

Ga kuma matattun motocin hukuma da ke ruɓewa a farfajiyar ofisoshi, tayoyinsu sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerunsu, alhali a ƙarƙashinsu akwai lafiyayyun farfeloli da akwatunan da aka san tarihinsu. A yi musu gwanjo a bainar jama'a, a ba kanikawan gunduma damar saye, shi ya fi a jira tsatsa ta gama da su.

Gyaran ba ya bukatar tallafin ƙetare. Ƙungiyoyin kanikawa da na masu sayar da kayan mota a jihar Maraɗi za su iya tsayar da ƙa'ida guda: duk akwatin giya, taransifa ko aksil da aka sayar ya fita da rasit mai ɗauke da lambarsa da wa'adin gwaji na mako ɗaya ko biyu, a kuma buɗe marfin mai a gaban mai saye ya ga ko akwai garin ƙarfe a jikinsa. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da cibiyoyin koyon sana'a na garuruwa su koya wa yaran gareji karanta lambar shasi da ƙirga haƙoran aksil. Masu motoci kuma su sa giris bayan kowane tsallaken gulbi, su tafi kasuwa da bakaniken da zai ɗaura kayan, kuma shagon da ya ƙi ba da wa'adin gwaji su bar masa ƙarfensa.